Farautar dinya a gonar ruwa da busasshiyar gona: tambayoyi da amsoshi

A Amurka da Kanada, da zarar an gama girbi iskar arewa ta fara kaɗawa, miliyoyin dinya sukan baro wuraren da suka yi ƙwai a can ƙuryar arewa su gangaro kudu. Gonaki ne zangonsu. Wasu gonakin a bushe suke, sai kara da tsabar da ta zube, wasu kuwa manomi ya tare musu ruwa sun zama fadama. Mafarautan can sun daɗe suna gardama a kan wacce ta fi. Ga tambayoyin da suka fi yawan tasowa.

Wace irin dinya ake magana a kai, kuma a ina?

Iri uku ne suka fi shiga hannun mafarauta. Akwai dinyar Kanada mai baƙin wuya da farin haɓa, wadda babbar cikinta kan wuce kilo 5. Akwai dinya mai farin goshi, mai dabbare-dabbaren baƙi a ƙirji, wadda nauyinta ke tsakanin kilo 2 da 3. Sai farar dinya mai baƙin bakin fiffike, ita kuma ba ta tafiya sai cikin dubbai, da hayaniyar da ake jiyowa daga nesa.

Hanyoyin ƙaurarsu huɗu ne a lissafin hukuma: ta gaɓar Atlantika, ta kogin Misisipi, ta tsakiya, da ta gaɓar Fasifik. Cibiyar farautar busasshiyar gona tana arewa, a lardunan Saskatchewan da Manitoba da Alberta na Kanada da jihohin Dakota na Amurka, inda ake noman alkama da sha'ir da wake da masara. Farautar gonar ruwa kuwa ta ƙasar shinkafa ce: gabashin Arkansas wajen garin Stuttgart, kudancin Louisiana, gaɓar Teksas, da kwarin Sacramento a Kalifoniya. Tsuntsun da aka ɗana wa tarko a gonar wake a Saskatchewan cikin Satumba, shi ne dai za a tarar a gonar shinkafa a Arkansas cikin Disamba. Sai dai kafin ya iso ya sha harbi, ya yi wayo.

Me zai sa manomi ya cika gonarsa da ruwa bayan ya gama girbi?

Bambaron shinkafa ba ya ruɓewa da wuri. A Kalifoniya da can ƙone shi ake yi, hayaƙi ya turnuƙe kwarin Sacramento duk kaka, har jihar ta yi doka a 1991 wadda ta rage ƙonawar a hankali. Sai manoma suka koma bin bambaron da inji suna danne shi cikin laka, su sako ruwa ya kwana a kai duk hunturu. Ruwan ya ruɓar da bambaro, tsuntsaye suka tattake shi, suka kuma cinye irin ciyawa. A Arkansas, wadda ke noman kusan rabin shinkafar Amurka, sau da yawa toshe magudanar gonar kawai ake yi ruwan sama ya taru, ko a ɗora da famfo. Ga kuma kuɗin haya: mafarauta kan biya manomi don ya bar musu gonar har ƙarshen lokacin farauta, kuma wannan kuɗin ba ƙaramin taimako ba ne a shekarar da shinkafa ba ta yi daraja ba.

To wacce dinya ta fi so, ruwa ko tudu?

Duk biyun take so, amma ba don abu ɗaya ba, kuma nan ne gardamar mafarauta take yawan kauce hanya. Dinya a ruwa take kwana. Tana son faffaɗan ruwa inda dila ko karen daji ba zai iya lallaɓowa ba tare da ta ji motsinsa ba. Gari na wayewa sai ta tashi zuwa wurin kiwo, ta yi kala na sa'a biyu ko uku, ta koma wani ruwan ta sha ta huta da rana, da la'asar ta sake fita, da magariba ta koma makwanci. Ke nan a yini guda tana da wurare uku: makwanci, wurin kiwo, da wurin hutun rana.

Busasshiyar gona wurin kiwo ce kawai. Gonar ruwa kuwa tana iya zama kowanne daga cikin ukun, kuma aikin mafarauci na farko shi ne ya gane wanne ce. Idan dinya tana zuwa mata da safe tana cin tsabar shinkafa da ɗanyar ciyawa, wurin kiwo ne, a yi farauta. Idan wajen ƙarfe goma take sauka ta kwanta a kan kunya tana gyaran gashi, wurin hutu ne, shi ma ana farautarsa, kuma yakan yi daɗi domin tsuntsayen 'yan kaɗan-kaɗan suke dawowa. Amma idan a nan take kwana, a ra'ayina babu hujjar taɓa wurin. Wanda ya shiga makwanci da asuba ya buɗe wuta zai cika jakarsa ran nan, gobe kuma garken ya yi ƙaura zuwa wani yanki, duk gonakin da ke kewaye su zama fayau. Shi ya sa a wurin mafarautan Dakota da Saskatchewan harbin makwanci babban abin kunya ne, ko da doka ba ta hana ba. A bar kaza cikin gashinta, ita kuma dinya a bar ta a makwancinta, za ta riƙa fitowa kullum.

Akwai kuma bambancin hali. Dinyar Kanada ta fi karkata ga busasshiyar gonar masara da wake da ɗanyar alkamar hunturu. Mai farin goshi ita ce 'yar laka, ba abin da take so kamar gonar shinkafar da ruwa ya ɗan rufe. Farar dinya tana da ƙarfin baki, tono take yi ta ciro saiwa, saboda haka ƙasa mai laushi ta fi yi mata, amma ba ta ƙin gonar masara.

Zurfin ruwan yana da muhimmanci?

Sosai. Agwagwa tana iya kifa kai cikin ruwa ta ɗaga wutsiya ta ci abin da ke ƙasa, dinya ma tana iyawa, amma ta fi son ta ci a tsaye tana tafiya. Ruwan da bai wuce idon sawu ba, kamar santimita 5 zuwa 15, wanda kara ke leƙowa ta cikinsa, ga tsibiran laka nan da can, shi ne nata. Da ruwa ya kai gwiwa, gonar ta koma ta agwagwa, ko ta zama makwanci. Masu hayar gona da yawa kan cika ta maƙil don ta yi kyau a ido, daga baya su zo suna mamakin ganin dinya na sauka a caɓin maƙwabci.

Yaya ake sanin gonar da za a shiga gobe?

Da mota da madubin hangen nesa. Da la'asar ake fita, a tsaya nesa da makwanci, a bi garken da ido har a ga inda ya sauka. Dinya takan koma da safe wurin da ta bari da yamma, muddin ba a firgita ta ba kuma abinci bai ƙare ba. Gane gonar kaɗai bai isa ba, sai an gane daidai wurin da suke a cikinta, domin gonakin can wata tana kai hekta ɗari ko fiye, kuma kuskuren mita 200 ya isa ya sa mutum ya wuni yana kallon tsuntsaye suna sauka inda harsashinsa ba ya kaiwa. Bayan sun tashi da magariba ake shiga a duba kashi da gashin da suka bari, a kafa alama.

A nan busasshiyar gona ta yi wa gonar ruwa fintinkau. Mai farautar tudu yana bin tsuntsu duk inda ya koma, yau nan gobe can. Mai gonar ruwa a daure yake da gonar da ya biya. Idan dinya ta juya mata baya, sai dai ya zauna ya yi ta busa usur mai kwaikwayon kukan dinya yana fatan ya janyo masu wucewa.

Wani abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba: shinkafar Arkansas tun Agusta zuwa Oktoba ake girbe ta, lokacin da ƙasa ke da ɗumi da laima. Kafin dinya ta iso, kaso mai yawa na tsabar da ta zube ya tsiro ko ya ruɓe, ko ɓeraye da ƙananan tsuntsaye sun kwashe. Gona tana iya sheƙi da ruwa amma babu abin ci a ƙarƙashi.

A ina ɓuya ta fi sauƙi?

A tudu. Idon dinya ba wasa ba ne, kuma daga sama take kallo. A busasshiyar gona ana amfani da wata maɓoya ta kwance: mutum ya kishingiɗa a ciki, murafu biyu su rufe shi, idan tsuntsu ya matso ya bankaɗe su ya tashi zaune ya harba. Ana shafa mata laka don ta daina ƙyalli, a cusa mata karan gonar da ake ciki, ba na wata gona ba. Gonar masara mai dogon kara tana ɓoye mutum da kyau. Gonar wake da aka aske ƙasa-ƙasa ita ce mai wahala, sai a koma gefen gona inda akwai ciyawa, a kafa rumfa mai tsawo a zauna. Masu farautar farar dinya kuwa fararen kaya suke sawa su kwanta a tsakiyar dinyar roba, wato dinyar bogi da ake jerawa don janyo ta gaske.

A gonar ruwa babu wurin kwanciya sai kan kunyar da ke tare ruwan. Masu hali suna binne akwatin ƙarfe a cikin kunyar, su zauna a ciki kansu daidai da ƙasa. Da daɗin zama, har da abin ɗumama jiki, amma akwatin ba ya motsi, kuma bayan mako biyu ko uku ana harbi daga wuri guda dinya takan gane kunyar ta riƙa kewaye ta. Kada kuma wani ya yi tunanin shiga abin da ke yawo a kan ruwa ya nutsar da jikinsa ƙasa da fuskar ruwan, domin dokar tarayyar Amurka ta haramta irin wannan akwatin tun da daɗewa.

Dinyar roba fa, iri ɗaya ake amfani da ita?

A'a. A tudu ana kafa masu cikakken jiki a kan ƙarfe, da masu fale-falen jiki da aka zana musu hoto, da na yadi waɗanda iska ke hurawa su riƙa rawa. Ga dinyar Kanada dozin biyu zuwa shida kan wadatar. Ga farar dinya kuwa sai ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, abin da ke sa a ja tirela har cikin gona tun ƙarfe uku na dare. A ruwa ana haɗa masu yawo da aka ɗaura wa nauyi da masu tsayuwa a kan dogon ƙarfe, a jera wasu a kan kunya kamar masu hutu. Ba a bukatar yawa, musamman ga mai farin goshi wadda ta fi amsa kiran usur fiye da tarin roba. Amma kowace ɗaya a kafaɗa ko a kan jan-kaya ake shigar da ita cikin laka, a kuma wanke ta bayan an fito, domin farar roba mai dauɗa ba ta ruɗin kowa.

Ruwa yana da wata fa'ida guda: ko 'yar iska ce ta kaɗa, robar za ta motsa. A tudu ranar da babu iska, robobin sukan tsaya ƙiƙam, tsohuwar dinya kuma ba ta yarda da garken da ba ya motsi.

Ta ina dinya ke sauka?

Kullum tana fuskantar iska take sauka, a ruwa ko a tudu. Mafarauci ya ba iska baya, ya bar fili a gabansa tsakanin robobin, mita 15 zuwa 25. A tudu idan iska ta juya sai a juya maɓoya. Mai akwatin kunya ba shi da wannan damar.

Idan sanyi ya tsananta me ke faruwa?

Ruwa marar zurfi shi ne farkon daskarewa. Dare guda na matsanancin sanyi ya isa ya mai da gonar shinkafa faifan ƙanƙara, dinya ta koma manyan koguna da tafkuna ta kwana, ta fita kiwo a tudu. Masu gonar ruwa sukan fasa ƙanƙarar da asuba ko su bar famfo yana motsa ruwan duk dare, kuma idan ramin da suka buɗe shi kaɗai ne ruwa a yankin, ranar tasu ce. A irin wannan sanyi dinya ba ta sammako. Takan zauna har rana ta ɗaga, ta fita sau ɗaya tak ta cika ciki da masara. Ruwan sama mai yawa kuma yana juya lissafin: busasshiyar gona ta zama taɓon da mota ba ta shiga, manomi ya hana a ɓata masa ƙasa da tayoyi, ruwa ya bazu ko'ina har gonar da aka biya kuɗi ta rasa abin da ta fi sauran da shi.

Cika gona da ruwa don tsuntsu ya zo, ba yaudara ba ce da doka ta hana?

Wannan tambayar ta fi duk sauran jefa mutane cikin tara. Tsuntsaye masu ƙaura suna ƙarƙashin yarjejeniyar 1916 tsakanin Amurka da Birtaniya a madadin Kanada, da dokar Amurka ta 1918 da ta biyo bayanta. A 1935 aka haramta zuba hatsi don janyo su, aka kuma haramta ɗaure rayayyar dinya ta kira 'yan'uwanta. Amma ruwa ba hatsi ba ne. Doka ta yarda a yi farauta a gonar da aka girbe aka cika da ruwa, ta ma yarda a bar masara ko shinkafa a tsaye ba a girbe ba a sako mata ruwa. Abin da ta hana shi ne a taɓa amfanin: a sare shi, ko a tattake, ko a bi shi da inji don tsaba ta zube, ba bisa hanyar noma ta yau da kullum ba. Haka a tudu, tsabar da injin girbi ya zubar halal ce a doka, wadda aka zuba da hannu kuwa laifi ce. Kuma wurin da aka zuba hatsi yana nan a haramce har kwana 10 bayan an kwashe shi kaf.

Ni dai ina ganin ɓaraka a nan. Attajirin da ya shuka masara hekta da yawa ba don ya girba ba, ya nutsar da ita don tsuntsu, bai karya doka ba. Talakan da ya watsa buhu guda a bakin tafki ya karya. Mafarautan kudu, musamman na Louisiana, sun daɗe suna kukan cewa irin waɗannan gonakin masara suna riƙe tsuntsaye a jihohin tsakiya. Gardamar ba ta ƙare ba, domin sauyin yanayi da raguwar noman shinkafa a gaɓar Teksas su ma suna da hannu wajen matsawar dinya arewa.

Wane harsashi ake amfani da shi?

Bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi, yawanci mai lamba 12, kuma doka ba ta yarda ta ɗauki fiye da harsashi uku ba. Ƙwayar dalma haramun ce a farautar tsuntsayen ruwa a duk Amurka tun 1991, a Kanada tun 1999. Dalilin yana da alaƙa kai tsaye da gonar ruwa: ƙwayoyin da suka kuskure suna faɗawa cikin laka, tsuntsu ya tsince su a zaton tsakuwa ce, ƙundunsa ya niƙa su, gubar ta kashe shi a hankali. Haramcin ya haɗa da busasshiyar gona, kada a yi zaton ya tsaya a bakin ruwa. Yanzu ƙarfe aka fi amfani da shi, kuma da yake bai kai dalma nauyi ba sai a zaɓi manyan ƙwayoyi. Bayan mita 35 zuwa 40, harbi ya zama raunata tsuntsu kawai.

A gonar ruwa a kula da bakin bindiga. Mutum ya yi tuntuɓe ya soka ta cikin laka bai duba ba, harbi na gaba yana iya tsaga ta a hannunsa.

Gaskiya ne farar dinya ba ta da iyakar adadin da za a harba?

A wani lokaci na musamman, haka ne. Gonakin hatsi sun ciyar da farar dinya har ta yi yawan da ya wuce abin da mahaifarta za ta ɗauka, ta tone ciyayin gaɓar tekun Hudson Bay da ke arewacin Kanada ta bar fako mai gishiri. Daga 1999 aka buɗe wata farauta bayan an rufe ta yau da kullum, inda aka yarda da lasifika mai kukan dinya, da bindiga mai harsashi fiye da uku, kuma a yawancin jihohi babu adadi. A sauran lokaci akwai iyaka: a Arkansas mai farin goshi biyu ko uku ce a rana gwargwadon shekara, fara kuma 20. Duk wanda ya kai shekara 16 sai ya sayi kan sarkin tsuntsayen ruwa na tarayya, wanda aka fara a 1934, kuɗinsa dala 25 tun 2015, ban da lasin jiha.

Dole ne a je da kare?

A tudu mutum yana iya bin abin da ya harba da ƙafa. A ruwa, dinyar da fiffike kawai ya karye tana iyo fiye da saurin mai tafiya cikin laka, ta shige kara ta kwantar da wuya ta ɓace. Dokar Amurka ta wajabta a yi ƙoƙarin ɗauko duk tsuntsun da aka harbo, kuma yana cikin adadin ranar. Saboda haka ake zuwa da karnukan Labrador. Sai an kafa wa karen dandamali sama da ruwa, in ba haka ba sanyi ya illata shi kafin hantsi.

Musulmi zai iya cin dinyar da ta faɗa ruwa bayan harbi?

Ga Bahaushen da ke zaune a can aka gayyace shi farauta, wannan ita ce tambayar da ta fi ta roba da maɓoya nauyi. Malaman Malikiyya da suka zo daga baya sun halatta abin da harsashin bindiga ya kashe, idan an yi bisimilla lokacin harbi. Idan aka iske tsuntsun da sauran rai, sai an yanka shi, saboda haka wuƙa mai kaifi ba ta barin aljihu. Abokan farautar da ba Musulmi ba murɗe wuya suke yi, a gaya musu tun da wuri su bar maka naka.

Maganar ruwa kuwa ta zo a hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin abin farautar da aka iske ya faɗa ruwa ya mutu, domin ba a san ko ruwan ne ya kashe shi ko kibiyar ba. Malamai sun yi bayanin cewa illar ita ce shakka: idan raunin a fili yake mai kisa ne, faɗawa ruwa ba ta haramta shi, wasu kuma sun sassauta a kan tsuntsun ruwa da aka harba yana kan ruwan. Malikiyya suna kuma tsanantawa a kan abin farautar da ya ɓace ya kwana ba a gan shi ba. A aikace ke nan busasshiyar gona ta fi kwanciyar hankali. A gonar ruwa kuwa a harba kusa, a ɗauko nan take, kada a bar tsuntsu yana yawo a ruwa ana jiran garke na gaba. Wanda ke da shakka a kan wata sura ya kai ta gaban malaminsa.

Wacce ta fi tsada?

Gonar ruwa kuɗin haya ne da na famfo da wandon roba mai kaiwa ƙirji. Busasshiyar gona kuɗin mai ne da tarin robobi da tirela. A arewa har yanzu ana samun manomin da zai ce a shiga kyauta idan an yi sallama da ladabi, balle idan dinya na cinye masa alkama. Amma sai an tambaya: a Saskatchewan tun farkon 2022 doka ta wajabta neman izinin mai gona ko da bai kafa allon hani ba. A ƙasar shinkafa kuwa da wuya a sami gona mai kyau da ba a riga an kama ba. Sabon shiga, in da zan ba shi shawara, ya fara da tudu tare da waɗanda suka riga shi, domin a can zai koyi karanta tsuntsu. Mai zama a akwatin kunya yana iya shekara goma bai koyi komai ba sai jira.

Naman ya bambanta?

Abin da tsuntsu ya ci ne ke fitowa a namansa. Mai farin goshi da ta yi ƙiba da shinkafa ita mafarauta suka fi yabo, har fige ta suke yi a gasa da fata. Tsohuwar dinyar Kanada tauri gare ta, sai doguwar dahuwa. Tun daga ƙarshen 2021 murar tsuntsaye ta H5N1 ta bazu a nahiyar, ta kashe farar dinya da yawa, kuma ruwan da dubban tsuntsaye ke kwana a ciki yana taimaka wa yaɗuwarta. Kada a ɗauki wadda aka tsinta a mace ko mai layi kamar ta bugu, kada a bar kare ya ɗauka, a sa safar hannu wajen fiɗa, a dafa har cikin naman ya kai digiri 74 a ma'aunin Celsius. Wajen ɗauko ta zuwa gida kuma a bar kai ko fiffike ɗaya da gashinsa, domin jami'i ya gane irinta.

Wannan ya shafi dinyar da muke gani a fadamun ƙasar Hausa?

Waɗancan ukun ba sa zuwa Afirka ta Yamma. Tamu daban ce, baƙa da farin ciki, mai ƙaho a gwiwar fiffike da take faɗa da shi, kuma ita ce mafi girma a dangin agwagwa da dinya na Afirka. Amma tsarin yininta bai yi nisa da na waɗancan ba: manoman shinkafa a dausayin Haɗeja da Nguru sun san tana hutawa a faffaɗan ruwa, ta shigo gona da sassafe ko da yamma, wani lokaci har cikin dare. Abin da ya bambanta shi ne a can bayan girbi take zuwa kala, a nan kuwa sau da yawa shinkafar tana tsaye take afka mata, saboda haka manomi korar ta yake nema kafin nama. Tafkin Dagona a jihar Yobe yana cikin gandun dajin ƙasa na Chad Basin, an hana farauta a cikinsa, kuma shi da Baturiya a Jigawa da tafkin Nguru suna cikin jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu. Mai niyyar harbi a wajen waɗannan wuraren ma sai ya mallaki lasin bindiga, ya kuma tuntuɓi ma'aikatar gandun daji ta jiharsa da sarkin bakan yankin kafin ya fita.